Kilo, nauyi da dansiti sun cakuɗe mini, don Allah a warware

Ɗalibar SS1, Mabera

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Mun shiga darasin awo da motsi a fiziks, kuma wasu abubuwa sun tsaya mini a wuya. An ce mana kilo ba awon nauyi ba ne, niyuton ne awon nauyi. To mahaucin da ke ɗora tsoka a sikeli ya ce kilo biyu, mi yake aunawa? Sannan jarka mai lita 25 in an cika ta da man gyaɗa ba ta kai ta ruwa nauyi, alhali man ya fi ruwa kauri. Akwai kuma aikin gida: ɗan ga-ruwa na tura kura mai jarka 12, a yi bayanin abin da ya sa tayar da ita ke da wuya, tafiya da ita sauƙi, tsayar da ita kuma wata wahalar. An kuma ce mu auno dansitin dutse, ni kuwa ba ni da kayan lab a gida. Allah shi saka da alheri.

Malamin Fiziks, Arkilla

Wa alaikumus salam ɗiyata. Laifin ba naki ba ne, kalmar "nauyi" ce muka ɗora wa kaya uku a Hausa, fiziks kuwa kowanne da sunansa da ma'auninsa.

Mas shi ne yawan abin da ke cikin jiki, da kilo ake auna shi. Buhun siminti kilo 50 ne a Kalambaina, kilo 50 ne a Makka, ko duniyar wata aka kai shi yana nan kilo 50. Nauyi kuwa ƙarfi ne, ƙarfin da duniya ke jan abin da shi zuwa ƙasa, da niyuton ake auna shi. Dokar ita ce W = mg, wato nauyi (W) daidai yake da mas (m) sau g, ƙarfin jan duniya a kan kowane kilo. Wannan g ɗin kusan 9.8 ne, amma a takardun WAEC da NECO sau da yawa za su ce ki ɗauki 10. Ke nan buhun nan nauyinsa niyuton 500. A duniyar wata g kusan 1.6 ne, sai buhun ya koma niyuton 80, yaro ma ya ɗaga shi. Simintin bai ragu da ko cokali ɗaya ba, jan ne ya yi rauni.

Mahauci mas yake sayar miki. In sikelinsa mai faranti biyu ne, nama a gefe, dutsen awo a gefe, to mas yake gwadawa da mas, kuma ko ina aka kai shi amsa ɗaya zai bayar. In mai ƙugiya ne da sifirin a ciki, ko na lantarki, a gaskiya ƙarfin jan yake ji, sai dai an rubuta masa lambobin kilo bisa g na duniyarmu. Tunda mahauci ba ya barin duniya da sikelinsa, ciniki bai ɓaci ba.

Na ukun shi ne dansiti: mas nawa ne a cikin gurbi kaza. A sauƙaƙe, lita ɗaya ta abin kilo nawa ce. Ana raba mas da gurbin da abin ya ci. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta man gyaɗa kusan 0.91, ta kananzir kusan 0.8, ta fetur kusan 0.74, ta zuma kusan 1.4. Ninka da 25 ki gani: ruwa kilo 25, man gyaɗa ya kusa 23, fetur 18 da rabi, zuma 35. Kauri wani abu ne daban, shi yana magana ne a kan wuyar kwarara. Man gyaɗa na jan jiki wajen zuba amma ki tsiyaya shi a kofin ruwa, sama zai hau ya zauna. Zuma ce ta haɗa duka biyun, ga kauri ga dansiti, ita take ruɗar mutane su ɗauka abu ɗaya ne.

Inda ɗalibai ke zubar da maki shi ne canjin ma'auni. Mililita ɗaya daidai take da santimita kubik ɗaya. Mita kubik ɗaya lita 1000 ce, kuma santimita kubik miliyan ɗaya ce, ba ɗari ba; ɗari sau ɗari sau ɗari. Don haka ruwa 1 g/cm³ ne ko 1000 kg/m³, abu ɗaya ne. Ƙarfe 7.8 ko 7800. In lissafinki ya ce dansitin dutse 2.7 kg/m³, ki tsaya, kin ce dutse bai fi iska da wani abin kirki ba ke nan, don iska kanta kusan 1.2 kg/m³ ce. Kuma kada ki rubuta nauyi da kilo a takardar jarrabawa, mai maki ba zai yi miki uzurin da nake yi miki ba.

Anti ta Lab

Ƙanwata, awon dutse ba ya buƙatar lab. Ki nemi sikelin lantarki irin na masu kek ko masu sayar da kayan ƙamshi, kofin roba, zare, da dutse mai santsi wanda bai wuce girman ƙwai ba.

Hanyar da ke littafi ita ce a auna dutsen a bushe, a ce giram 54. A zuba ruwa a silinda mai lambobi zuwa 50, a zura dutsen da zare, ruwa ya hau 70. Gurbin dutsen 20 ke nan, 54 a raba da 20 ya ba da 2.7. Matsalar ita ce a gida abin da za ki samu kofin awo ne mai faɗin baki, wanda dutsen zai ɗaga ruwansa da ɗan siririn layi da ido ba zai iya karantawa ba. Ko da silinda ce, sai an sunkuya ido ya yi daidai da saman ruwan, a karanta ƙasan lanƙwasar, ba gefen da ya hau jikin kwalba ba.

Ga wadda ta fi ta. Ɗora kofi da ruwa a kan sikelin, danna maɓallin da ke mayar da shi sifili. Ɗaure dutsen da zare, riƙe zaren a hannu, sauke shi har ruwa ya rufe shi gaba ɗaya, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Lambar da sikeli ya nuna a giram, ita ce gurbin dutsen a santimita kubik. Dalili kuwa ruwa yana tura dutsen sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da dutsen ya ture, dutsen kuma yana mayar wa ruwan wannan turin zuwa ƙasa, shi sikelin ke ji. Tunda giram ɗaya na ruwa santimita kubik ɗaya ne, an gama. In kika saki dutsen ya zauna a gindi, sikeli zai nuna miki mas ɗinsa ne kawai, aikin ya ɓaci.

Abubuwan da ke ɓata amsa: auna dutse bayan ya jiƙe, sai mas ya ƙaru, don haka busasshe ake fara aunawa. Marmara da gutsuren bulo suna da ƙofofi, za ki ga ƙananan kumfa na fita suna shan ruwa, lambar sikeli ta riƙa sauka a hankali. Kada ki zaɓe su. Kumfar da ta manne a jikin dutse tana ƙara masa gurbin ƙarya, a girgiza zaren ta tashi. Fanka a kashe ta, iskarta na motsa sikeli. Abin da ke narkewa, kamar kanwa ko gishiri, a kananzir ake zura shi, sannan a raba lambar da 0.8 kafin a samu gurbin. Abin da ke yawo a sama, kamar guntun icce, a danna shi da bakin allura har ya nutse. Ki yi awon sau uku ki ɗauki matsakaici. Yawancin duwatsun da za ki tsinta za su faɗo tsakanin 2.5 da 3.

Za a ce miki ai zafin Sakkwato na canza dansitin ruwa. Gaskiya ne, a digiri 4 ne yake cika 1.000, a digiri 40 na watan Afrilu ya sauka kusan 0.992. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuskuren hannunki ya fi shi yawa, ki bar shi.

Da wannan dabarar ake gane gwal. Zinariya tsantsa 19.3 ce, tagulla 8.9, dalma 11.3. Sai dai ɗan kunne mai giram 5 na zinariya gurbinsa bai wuce 0.26 ba, sai sikelin maƙeran gwal mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Masanin kimiyya Albiruni, shekara kusan dubu da ta wuce, da wata 'yar buta mai bututu a wuya ya riƙa tara ruwan da ƙarafa suka ture yana aunawa, ya samu zinariya ta ninka ruwa kusan sau 19. Ba shi da batir ba shi da lantarki.

Injiniya, Runjin Sambo

Bari in ɗauki maganar kura, Malam ya gama da nauyi.

Jarka 12 sau kilo 25, kilo 300. Ƙara kurar kanta da jarkunan, mu ɗauka 50, jimla kilo 350. Abin da za ki riƙe shi ne ƙarfi ba gudu yake bayarwa ba, canjin gudu yake bayarwa. F = ma, wato ƙarfi (F) daidai yake da mas (m) sau canjin gudu a kowane sakan (a), kuma F ɗin nan ragowar ƙarfi ne bayan an cire masu ja baya. Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, sai ya saka turin mutumin gaba ɗaya ya manta da tirjiyar tayoyi.

Mu ƙaddara tirjiyar tayoyi da gindin gatari a kan kwalta niyuton 70 ce, ɗan ga-ruwa ya tura da 140. Ragowa 70. Raba da 350, ya ba da 0.2, wato kowane sakan gudun na ƙaruwa da mita 0.2 a sakan. Bayan sakan 5 kurar na tafiyar mita ɗaya a sakan, tafiyar mutum ke nan, kuma ta ci mita biyu da rabi. Daga nan ba ya buƙatar 140. Ya tura da 70 kawai, turi da tirjiya su kashe juna, ragowa sifili, kura ta ci gaba da gudunta ba ƙari ba ragi. Dokar Niyuton ta farko ke nan. Aikin ya ragu da rabi, shi ya sa za ki gan shi ya miƙe yana tafiya har da waiwaye, bayan da farko sai da ya sunkuya ya kafa ƙafa. Akwai ƙarin dalili: abin da ke tsaye ya fi mai tafiya tirjiya, taya ta ɗan zauna a gurbinta, sai an fitar da ita.

Tsayarwa kuma canjin gudu ce, ita ma sai da ƙarfi. In yaro ya gifta yana son tsayawa cikin mita ɗaya, daga v² = u² + 2as (v gudun ƙarshe, u gudun farko, s nisa) za ki samu ragin gudu 0.5, sau 350, niyuton 175. Tirjiya ta taimaka da 70, sauran 105 shi zai ja baya da hannu da duga-dugai. In cikin rabin mita ne, 350 ake nema, nasa 280, wanda ya ninka turin da ya tayar da ita.

Gangare ya fi duka haɗari. Hanyar da ke sauka mita ɗaya cikin kowane mita 20, da ido ma da ƙyar a lura da ita. Nauyin kurar niyuton 3500 ne, kashi ɗaya cikin 20 na wannan, wato 175, yana jan ta gaba. Ya fi tirjiya da 105, ko ba a tura ba za ta tafi, kuma gudunta ƙaruwa zai yi ta yi. Shi ya sa suke sa dutse a gaban taya in sun tsaya sauke jarka. A rairayi kuma taya na nutsewa, kullum kamar tana hawan ɗan tudu da ita kanta ta haƙa, tirjiya ta ninka sau da yawa. Taya mai saɓewar iska ma haka.

Tunda kuna motsi, ga wanda ke yawan fitowa. Don mayar da kilomita a awa zuwa mita a sakan, raba da 3.6. Ɗan kabu-kabu a 36 yana cin mita 10 kowane sakan. In birkinsa na rage mita 5 a sakan cikin kowane sakan, zai tsaya a mita 10. A 72 ba mita 20 ba ne, 40 ne, don nisan na bin gudu sau kansa. Sa masa sakan ɗaya kafin ya ankara ya taka birki, sai su zama 20 da 60. In rairayi ya rufe kwalta, kamar yadda yake yi a bakin titi lokacin iska, kamun taya ya ragu, lambobin nan duk su ƙaru.

Mai Walda, Gawon Nama

Allah shi gafarta Malam, ƙaramin gyara daga bakin aiki. Jarkar da ake ce wa lita 25 in aka cika ta har baki tana wuce 25, don ana barin sarari sama da layin, kuma ita kanta robar ta kai kilo ɗaya. In yarinya ta ɗora a sikeli ta ga 26 ko 27 kada ta ce littafi ya yi ƙarya. Ta fara auna jarkar ba komai, ta cire.

Wannan lissafi shi muke ci da shi a ƙafar tanki. Tanki mai lita 1000 tan ɗaya ne na ruwa, niyuton 10,000, ƙafa huɗu kowace 2,500, in ƙasa ta yi daidai. In ƙafa ɗaya ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sauran su kwashi kayanta, daga nan ƙarfe ke fara lanƙwasa. Mai gida zai ce a sa masa tanki mai lita 2000 don famfo ya yi ƙarfi, ba haka abin yake ba. Ƙarfin ruwa a famfo tsawo yake bi: dansiti sau g sau tsawo. Mita 5 daga saman ruwa zuwa bakin famfo, 1000 sau 10 sau 5, faskal 50,000 (faskal shi ne ma'aunin matsi). Babban tanki daɗewa zai yi bai ƙare ba, kuma ya ninka wa ƙafa kaya, amma in ana son ruwa ya fito da ƙarfi ɗaga shi ake yi.

Malamin Fiziks, Arkilla

Gyara ya karɓu, Allah shi ƙara basira.

Ɗalibar SS1, Mabera

Na gode ƙwarai, kan ya fara washewa. Saura biyu. In ƙarfe ya ninka ruwa kusan sau takwas, mi ya sa ƙusa ke nutsewa amma jirgin ruwa na ƙarfe ba ya nutsewa? Kuma tunda maganaɗisun ƙasa ya fi jan abu mai nauyi, ai shi ya kamata ya riga faɗowa?

Injiniya, Runjin Sambo

Fara da cire kalmar maganaɗisu, ko da kin saba jin ta a rediyo. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, bai san icce ko ruwa ba. Jan duniya kowa yake ja gwargwadon mas ɗinsa, ƙarfi ne daban.

Gaskiya ne an fi jan babban dutse, amma shi ne kuma ya fi wuyar motsawa. Dutse mai kilo 10 ana jan sa da niyuton 100, raba da 10, ya ba da 10. Mai kilo 1 ana jan sa da 10, raba da 1, 10 ɗin dai. Tare za su sauka. Iska ce ke shiga tsakani. Saki dutse da shimfiɗaɗɗiyar takarda, dutse ya riga. Dunƙule takardar nan tamau ki sake saki, sai ki ji kusan tare suka taɓa ƙasa, alhali mas ɗinta bai canza ba. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka na Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata inda babu iska, suka faɗi lokaci ɗaya. Nisan faɗuwa kusan 5 sau sakan sau sakan ne: sakan ɗaya mita 5, sakan biyu mita 20. Ana iya kintata zurfin rijiya da haka, sai dai yatsa kan makara da kusan 0.2 na sakan a agogon waya, wanda zai mayar da 20 ɗin wani abu tsakanin 16 da 24. Guga da igiya sun fi shi gaskiya.

Jirgi kuwa ba dansitin ƙarfen ake dubawa ba, na jirgin duka ne har da iskar da ke cikinsa. Kwanon sha na ƙarfe zai yi yawo a baho. Tsoma shi ya cika da ruwa, ya tafi ƙasa. Duk abin da ke yawo sai ya ture ruwa daidai mas ɗinsa. Kwale-kwale a Gulbin Rima mai kilo 200, da mutum goma masu kilo 60, kilo 800 ke nan, dole ya ture lita 800. In faɗin cikinsa a daidai layin ruwa murabba'in mita 5 ne, kowane buhu mai kilo 50 na ƙara nutsar da shi santimita ɗaya. Buhun shinkafa goma, santimita 10. Babur ɗaya, wasu biyu ko fiye. Ruwan da ke tsattsafowa ta tsagar katako shi ma kaya ne, kowace lita kilo ɗaya, kuma yana gudu ya taru a gefen da jirgi ya karkata ya ƙara karkatar da shi. In tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, igiyar ruwa ɗaya ko mutum biyu su miƙe tsaye a gefe guda ya isa.

Ɗalibar SS1, Mabera

Anti, na gwada. Dutsen giram 81, a cikin ruwa sikeli ya nuna 30, na samu 2.7. Amma man gyaɗa na ja mililita 10 da sirinji na auna, ya ba ni giram 8, wato 0.8. Ko man ne aka yi wa haɗi?

Anti ta Lab

Dutsen ya yi, madalla. Man kuma kada ki zargi mai sayarwa tukuna, awon ne ya yi ƙanƙanta. Sikelinki giram ɗai-ɗai yake tsallakawa, amsar da ake nema 9.1 ce, ga wanda ya manne a jikin sirinji bai fito ba. Kuskuren giram ɗaya cikin tara ya wuce kashi goma cikin ɗari. Ɗauki gorar ruwa ta roba busasshiya, ɗora ta a sikeli ki mayar da shi sifili. Zuba ruwa har ya nuna giram 500, ja layi da biro daidai saman ruwan. Juye, bar ta ta bushe sarai, don ɗigon ruwa zai kwanta a ƙarƙashin man ya ƙara lamba. Zuba man zuwa wannan layin, jira kumfa ta kwanta, ki karanta. Ya kamata ki ga tsakanin 455 da 460. Raba da 500, ki turo mana abin da kika samu.